A Duba Maƙwabtan Fitilar Ba Da Hannu

Duk direban da ya taɓa tsayawa a bakin babban titi yana jiran sararin shiga ya san cewa mararrabar da ba ta da fitila tana rayuwa ne da abin da fitilar kusa da ita ta bar mata.

Dalili kuwa shi ne, idan fitila ta nuna ja sai motoci su taru, idan ta nuna kore sai su taso a ayari guda. Bayan ayarin ya wuce titi ya kan yi sarari, to a wannan sararin ne mai fitowa daga ƙaramar hanya ya ke samun shiga. Littafin ƙa'idodin hanyoyi na Amurka na shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa mai son karyawa hagu daga ƙaramar hanya yana bukatar tazarar daƙiƙa 7 da 'yan kai, kuma ya sa a lissafa tasirin duk fitilar da ke cikin mita 400. Wannan ya shafe mu, domin tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Amma fa alherin yana iya zama sharri. Idan fitilar da ke gaba ta daɗe a ja, layin motoci ya kan miƙe har ya toshe bakin mararrabar baya. Haka nan idan fitilun dama da hagu ba su jitu ba, ayarin wannan yana wucewa na wancan yana isowa, sai mai jira ya rasa sarari. Wanda ya gaji da jira kuwa kutsawa ya ke yi, nan ne haɗari ya ke aukuwa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka da kada ta kafa fitila sai ta ƙidaya motocin mararrabun da ke maƙwabtaka da wurin. A daidaita lokutan fitilun titi guda, a kuma shata bakin mararraba da rawayan fenti, kamar yadda Ingila ta soma a 1967, don kada mota ta tsaya a kai. Direbobi su ma su bar wa na gefe hanya. Gyaran da ya kwashe cunkoso daga nan ya jibge shi can, ba gyara ba ne.