Hurumin Yamai da Amanar da ke Wuyanmu

A wannan fitowa za mu tsaya kan wata magana da ba a cika kawo ta a majalisar malamai ba, alhali ta shafi lafiyar kowane gida, wato makomar gandun itacen da ya yi wa birnin Yamai ɗamara, wanda da faransanci ake kira ceinture verte.

A shekarar 1965 aka soma dasa shi, shekara biyar bayan ƙasa ta samu ƴancin kai. Abin da aka tsara shi ne gandu mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, hekta 2,500 ke nan, ta gefen arewa da gabas inda iska take ɗauko ƙura da rairayi ta watsa wa gari. Dogon yaro da turare aka fi dasawa, saboda suna jure ƙishirwa kuma suna saurin girma. Waɗanda suka yi wannan aiki sun yi hangen nesa, domin a 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da wani abu ba, kuma gandun yana can bayan gari, inda babu mai zaton gini zai kai.

To, gari ya kai, har ya ƙetare. Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Yamai sun haura miliyan 1. Gandun da aka dasa a bayan gari ya wayi gari a tsakiyar unguwanni, kuma kowa ya san yadda aka riƙa gutsurarsa. An yanka fegi, an gina gidaje da gidajen mai, an mai da wasu sassa juji, masu neman itacen girki sun sare, talakawan da fari da yunwa suka koro daga ƙauyuka sun kafa bukkoki. Kowane ɗaya yana ganin ɗan abin da ya ɗiba ba zai rage komai ba, har aka tashi da babban yanki babu itace.

A ganinmu, tushen matsalar yana cikin shirin farko. An dasa gandun don ya tare iska, ba a yi tunanin ya zama wurin da jama'a za su shiga su huta ba. Babu hanyar tafiya, babu ruwa, babu wurin zama, babu fitila. Wurin da magidanci ba ya iya kai iyalinsa da la'asar, ba zai ji zafi ba ran da aka sayar da shi. Mutane suka ɗauke shi kayan gwamnati, kuma mun san yadda muke riƙon kayan gwamnati.

Darasin da ke nuna akasin haka yana nan cikin ƙasarmu. A da, manomi yana ganin duk itacen da ke gonarsa na hukuma ne, yana tsoron tara in ya taɓa shi, don haka ba ya barin tsiro ya girma. Daga shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma suka soma abin da ake kira sassabin zamani: in kututturen gawo ko kalgo ko sabara ya tofo, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a gyara su shekara-shekara. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ganyensa da ƴaƴansa da makamashinsa duka, sai ya tsare shi ba tare da mai gadi ba. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka gonaki kusan hekta miliyan 5 suka sake yin itace, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Itace yana rayuwa ne inda yake da mai shi.

Addininmu ma bai bar mu babu jagora ba. Kakanninmu suna keɓe hurumi a gefen gari, ba a noma shi, ba a gina shi, na kowa ne. A fiƙihu akwai hima, wato filin da shugaba yake karewa don maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito wasiyyar da Umar ya yi wa Hunayyu, wanda ya ɗora kan tsaron hima. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai ƴan raƙuma da mai ƴan tumaki su shiga, amma ya tsare garken attajirai, domin su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Duk mai tsara makomar gandun Yamai ya kamata ya san wannan wasiyya.

Da farko, a tabbatar da iyakar abin da ya rage. A kafa duwatsun iyaka, a yi masa takardar mallaka da sunan jama'a, a kafe taswirarsa inda kowa zai gani, ta yadda wanda aka zo sayar wa fegi a ciki zai san abin da yake saye. Mu kuma mu gaya wa juna gaskiya: sayen filin da aka san na jama'a ne cin haƙƙi ne, ko da an buga wa takardarsa hatimi goma, ko da masallaci za a gina a kai.

Na biyu, a raba gandun sassa-sassa, kowane sashe a haɗa shi da unguwar da take maƙwabtaka da shi. A fitar da hanyoyin ƙafa, a haƙa rijiya, a sa benci da fitila mai aiki da hasken rana, a keɓe wa mata da yara wurin da za su sake, a bar wa matasa filin ƙwallo, a ba masu renon dashe da masu lambu wuri bisa sharaɗin kula da itacen da ke kewaye da su. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, gidan haya mai ɗaki biyu da rufin kwano ya fi kowa sanin darajar inuwa.

Na uku, a yi adalci wajen tashin mutane. In za a rushe bukkar talaka a bar benen mai hali, an juya wasiyyar Umar ke nan. Wanda larura ta zaunar a can a nema masa matsuguni kafin a ce ya tashi.

Na huɗu, kada a maimaita kuskuren a sababbin unguwanni, a Yamai ko Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. A ware filin itace tun kafin a yanka fegi na farko, domin bayan an yi gini ba a sake samun wuri.

Namu rabon a gida ba shi da wuya. Tun 1975 ake dashen itace a ƙasar nan kowace ranar 3 ga Agusta, amma dashen da ba a yi wa shinge ba, ba a ba shi ruwa a bazararsa ta farko ba, na awaki ne. Kwamitin kowane masallaci zai iya ɗaukar nauyin itace ashirin, ya juya musu ruwan alwala, ya damƙa kowane ɗaya a hannun yaro guda daga makarantar allo. Hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka dasa mana, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.