Farouk Lawan da ƙafarsa ya shiga tarkon

Tun da Farouk Lawan ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban 2024, zancen da ake ta nanatawa a majalisun hira na Kano shi ne: "Ai tarko aka ɗana masa, manyan dillalan mai ne suka ga bayansa." Wannan sabulun ba zai wanke shi ba.

Tarko kam an ɗana. Femi Otedola da bakinsa ya ce da sanin jami'an SSS ya miƙa kuɗin. To amma me ya kai ɗan majalisar Bagwai da Shanono gidan attajirin da kwamitinsa na tallafin mai ke bincike a kai? Ya karɓi dala 500,000 daga cikin miliyan 3 da aka ce ya nema, sannan ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a cire kamfanin Zenon na Otedola daga jerin waɗanda rahoton kwamitin ya zarga, aka kuwa cire. Wai ya karɓa ne don ya tona asirin mai bayarwa. Babbar kotun Abuja ba ta gamsu ba, ta ɗaure shi shekara 7 a 2021. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024.

Masu tausaya masa sun manta abin da aka damƙa masa. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Jama'a suka cika tituna daga Ojota har Kano, kasuwanni a rufe, wasu ma ba su koma gida da rai ba. Wannan fushin ne ya haifi kwamitin wucin gadi da Farouk ya shugabanta, kuma rahotonsa na watan Afrilu ya ce sai an dawo da sama da naira tiriliyan 1. Talaka ya ɗauka wannan karon an kama ɓarawo da akuya a hannu. Wata biyu kacal, majalisa ta dakatar da shugaban kwamitin daga kujerarsa, zance ya bar tiriliyan ya koma kan dalolin da Farouk ya karɓa. Duk wanda sunansa ya fito a rahoton ya samu amsa a sauƙaƙe: ku dubi wanda ya rubuta.

Shi ne fa jagoran 'yan Integrity Group da suka tilasta wa Patricia Etteh sauka daga kujerar kakaki a 2007 kan kwangilar naira miliyan 628. A lokacin bai karɓi uzurin kowa ba, mu ma muka tafa masa.

Na yarda akwai abin tambaya: mai bayarwa ya shiga kotu a matsayin shaida, ya koma gida abinsa. Wannan ƙorafi ne a kan masu gabatar da ƙara, su ya kamata a tsare da shi. Bai rage ko dala ɗaya daga abin da Farouk ya karɓa ba.