TASWIRAR WAYA BA TA RABA GARDAMAR IYAKA

Manoman da ke noman lambu a bakin Kogin Kaduna, tun daga Rafin Guza har Malali da Unguwar Rimi da Kabala, da dama daga cikinsu yanzu suna da waya mai nuna taswira. Mutum ya kan buɗe taswirar Google ya ga fadamarsa daga sama, har da mangwaron da ke bakin hanya. Dillalan filaye ma sun ɗauki wannan dabara, su kan nuna wa mai saye hoto a waya su ce ga filin nan, ga iyakarsa. To, abin yana da amfani ƙwarai, amma fa akwai inda amfaninsa ya tsaya, wanda bai san wurin ba kuwa zai yi hasara.

Da farko ya kamata a san yadda waya ta ke gane inda mutum ya ke. Akwai taurarin ɗan Adam na Amurka da ke kewaya duniya, nisansu ya ɗara kilomita 20,000, daga gare su waya ta ke lissafa matsayinta. Kafin watan Mayu na 2000 da gangan a ke gurɓata lissafin ga farar hula, har kuskuren ya kan kai mita 100. An daina haka, amma har yanzu wayar hannu ta kan kauce da misalin mita 5 a sarari, in kuwa ƙarƙashin itatuwa ne ko kusa da gini sai abin ya ƙaru.

Mita 5 ba kome ba ne ga direban da ke neman hanyar Kasuwar Kawo ran Talata. Ga mai lambu kuwa babban abu ne. Ga misali, lambu mai mita 20 tsawo da 20 faɗi, watau murabba'in mita 400. In awon ya zarce da mita 5 a ko wane gefe sai ya zama 625, in ya gaza ya zama 225. Wanda ya yi jinga da 'yan ƙwadago, ko ya karɓi aron fili, ko ya sayi taki bisa irin wannan awo, lalle ɗaya ya cuci ɗaya ba da niyya ba. A babbar gona abin da sauƙi, gama hekta guda in ta zarce haka, kuskuren bai fi kashi ɗaya cikin goma da ɗan ɗoriya ba. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima. Ita ma waya haka ta ke.

Na biyu, hoton da a ke gani ba na yau ba ne. Wani ya yi shekara, wani ya fi. In da rani aka ɗauke shi, sai a ga yashi da tudu inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta da Satumba. Mutanen Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, sa'ad da kogin ya shiga gidaje da gonaki. Baƙon da aka nuna wa hoton rani ya biya kuɗin fili, damina ce za ta gaya masa gaskiya.

Na uku shi ne wanda ko akawuna ba duka suka sani ba. Tun zamanin Turawa aikin safiyon Nijeriya a kan wani turke da ke kusa da Minna a ke ɗora lissafinsa. Waya kuwa da ma'aunin duniya na 1984 ta ke aiki. Tsakanin biyun nan, a wajen Kaduna, akwai bambancin misalin mita 80. Sabo da haka wanda ya kwashi lambobi daga tsohuwar takardar safiyo ya zuba a waya ba tare da an juya su ba, zai faɗa cikin gonar wani, ya kuwa rantse tasa ce.

To, ina taswira ta ƙwarai ta ke? Tana hannun hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, lambunan da ke cikin garin Kaduna kuwa suna ciki. A 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar KADGIS, mai ofis a Titin Ali Akilu, ita ke riƙe da rajistar filaye da taswirorin jihar a kwamfuta, ita ke shirya takardar shaidar mallaka. Wannan aiki ne mai kyau, gama fayil na takarda ya kan ɓace, gara ta kan ci shi. Amma ga inda maganar ta tsaya: taswirar da ke aljihun manomi ba ta isa shaida ba, wadda ta isa shaida kuwa ba ta aljihunsa.

Abin da ya kamata shi ne a kawo ta kusa da shi. Ba a ce a tona sunan ko wane mai fili ba, wannan asirin mai shi ne. Ba a kuma ce a daina biyan kuɗin safiyo da na takarda ba, gama ma'aikata da kayan aiki ba kyauta a ke samunsu ba. Abu huɗu ne ya kamata kowa ya gani ba ko kwabo: inda ambaliya ta kan kai, da filayen da aka keɓe don hanya ko makaranta ko wani aikin gwamnati, da burtali da gandun daji, da unguwannin da aka riga aka yanka aka amince. A sa su a intanet, a kuma buga su a takarda da sunayen wurare da Hausa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi da ta mai unguwa, domin ba kowa ke da kuɗin data ba.

Wani zai ce in an buɗe taswira hukuma za ta yi hasarar kuɗin shiga. Sai a duba abin da wasu suka yi. Amurka ta daina sayar da hotunan taurarinta na Landsat a 2008, ta bar wa kowa. Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, hotunansa kyauta ne, malaman gona a ƙasashe da yawa da su su ke duba lafiyar shuka. A nan gida ma an ga amfanin abin. Lokacin yaƙi da shan inna, taswirar da a ke zanawa da hannu ta kan tsallake ƙauyuka da rugage, sai da aka koma ga hoton sama a Kano da sauran jihohin Arewa aka gano su. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, taswirar ƙauyukan kuwa tana nan a shirin GRID3, kowa yana iya ɗauka. Kuɗin da a ke ɓatarwa wajen shari'ar iyaka da rushe gini da agajin ambaliya ya isa a yi tunani a kansa.

Har wa yau jama'a ma da nasu aikin. Akwai taswirar OpenStreetMap da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke da ikon gyarawa. Akawu ko ɗan makaranta mai waya yana iya sa sunan unguwarsu daidai, ya zana hanyar da mota ke bi ta kai bakin lambu, ya nuna kwalbatin da ya karye. Falken da ke zuwa sarin alayyafo da tumatir shi zai fara cin moriyar wannan.

Kafin a kai ga haka, ga abin da manomi zai riƙe. Ya yi amfani da waya don kimanta iri da taki, in gonar ta kai eka ko fiye, ya kuma zagaya ta sau biyu ko uku ya gwada awon. Ƙaramin lambu kuwa igiya da tef sun fi ta. Kada ya sayi fili ko ya sayar bisa hoton waya, sai ya taka wurin da ƙafarsa tare da mai unguwa da maƙwabta huɗu, ya tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a 2012, ya kai takardar ofis a bincika. In an yi safiyo ya kiyaye turakun siminti, ya dasa cini-da-zugu ko gamba a kan iyaka. Rigakafi ya fi magani.