Kafso ba zai ceci tarwadarmu ba

Duk mai kiwon tarwada ya san wannan asara. Ka sayo 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa suna ta wasa, kwana kaɗan sai su daina cin abinci, suna goga jiki da bangon tanki, suna taruwa a saman ruwa suna haki. Wani ya ce ruwa ne, wani ya ce baki ne. Daga ƙarshe a farke kafso ja-da-yalo a zuba musu.

Ni a wurina zubar da kuɗi ne. Wannan kafso bakteriya yake kashewa, alhali sau da yawa masu ɓarnar wasu halittu ne daban da ido ba ya gani. Akwai Trichodina mai lahanta fata da gaɓoɓin numfashin kifi. Akwai tsutsar Gyrodactylus, wadda ke haihuwar 'ya'ya rayayyu, shi ya sa take cika tanki da wuri. Akwai kuma Ich mai sa fararen ɗige-ɗige. Tana shigewa cikin fata inda magani ba ya kaiwa, ta faɗo ƙasan tanki, ta rarrabu ɗaruruwa, sannan su fito neman wani kifin. A lokacin fitowar nan ne magani ya fi kama su, don haka wanka ɗaya na gishiri ba ya isa, sai an maimaita.

Gane su ba wuya. A kankaro yauƙin jikin kifi, a ɗora a gilashi, a duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Mintuna kaɗan ne. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa na da wannan ilimi, amma ta yi wa mai tanki biyu a Kano nisa. Ya kamata asibitocin dabbobi na jihohi su riƙa duba kifi kamar yadda suke duba kaji.

Mu ma da namu. Ba ma sayen akuya ba mu duba bakinta ba, to me ya sa za mu ɗauki kifi dubu a rufe? Sabon zuwa a keɓe shi mako biyu. Kowane tanki da komarsa da bokitinsa. A rage cunkoso, a riƙa sauya ruwa. Mai ƙyanƙyasar da ya ƙi a duba kifinsa kafin ciniki kuwa, a bar masa kayansa.