Hodar da ke sa fitila ta ga cikin gyaɗa: Ina rabon masana'antun Kano?

Har gobe, masu sayen gyaɗa da yawa a kasuwannin Kano haƙori ne ma'auninsu: a ɓantari ƙwaya, a ji ko ta bushe, a yanka farashi. Idan aka yi kuskure, ko dai manomi ya tafka asara, ko kuma kamfanin tatsar mai a Sharaɗa ko Bompai ya sayi danshi da kuɗin mai.

Wani bincike da masana ke yi a China da Taiwan da Jamus zai iya sauya wannan lamari. Kan wata hoda ce da ake kira fosfo.

Ita dai farar fitilar LED da ke cikin tocila, asalin haskenta shuɗi ne. Hodar da aka shafa mata ce ke mayar da shi fari. Yanzu ana haɗa wata irin hodar da ke mayar da shuɗin zuwa hasken infrared na kusa, wanda ido ba ya gani. Idan aka haska ƙwaya da shi, ruwa da mai da furotin kowanne na shanye nasa ɓangaren, sai na'ura ta auna abin da ya dawo. A 2016 kamfanin Osram na Jamus ya fitar da irin wannan fitila, ƙaramar da za ta shiga na'urar hannu.

Abin sha'awa, sinadarin da ke ba yawancin hodar haskenta shi ne kuromiyam, wanda masana'antun jima na Chalawa a Kumbotso ke jeme fata da shi, kuma ake kokawa da shi a ruwan dattinsu.

Sai dai wannan ba ya nufin Kano za ta fara yin hodar gobe. Tana buƙatar sinadarai masu tsabtar gaske, da gashi a zafin da ya haura digiri 1,000, wato lantarki marar yankewa. Wasu nau'o'in na buƙatar galiyam, wanda China ta taƙaita fitar da shi tun Agustan 2023. Su kansu masanan suna fama da dusashewar hasken idan fitilar ta ɗau zafi, matsalar da ba ƙarama ba ce a bazarar Kano.

Rabon Kano yana wani wajen. Na'urar ba ta san komai ba sai an koya mata da ɗaruruwan samfuran da aka riga aka tantance a ɗakin gwaji. Wadda aka horar da waken suyan Amurka za ta iya yin kuskure a kan riɗin Jigawa.

Nan ne Jami'ar Bayero da masu masana'antu za su iya haɗa hannu su tattara bayanan amfanin gonar Arewa. In ba haka ba, na'urar za ta iso kasuwa, amma ma'aunin wasu za ta riƙa yanke wa manomi farashi da shi.