A Ɗora Amalanke Kan Waigi Ko a Bar Shi a Ƙasa?

Idan damina ta yi nisa, daga Yuli zuwa Satumba, kogin Rima kan cika ya malala cikin fadama, hanyoyin gonakin shinkafa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu su zama laka. A wannan lokaci amalanken shanu, wanda ya gama kai taki gona, yakan yi watanni a ajiye a bayan gida sai kaka. Manoman Gwadangaji da kewaye sun rabu biyu: wasu kan ɗaga shi su sa masa waigi, wasu kuma suna ganin wannan wahala ce kawai. Ilimin kimiyya yana goyon bayan masu ɗagawa, amma da sharaɗi.

Dalili na farko shi ne taya. Asalin roba ƙaro ne na wata bishiya da ta fito daga Brazil, wadda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. A shekarar 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa dafa roba da farar wuta yana ƙara mata ƙarfi. Duk da haka ba ta daina tsufa ba. Iska tana silalewa daga taya a hankali ko da babu huji. Idan ta ragu, nauyin amalanke sai ya tare a wuri guda, gefen tayar ya lanƙwashe. Akwai kuma wata iska mai suna ozon, wadda ke tsattsaga roba musamman inda take a miƙe. Wannan ne ya sa tsagar ta fi yawa a daidai lanƙwasar. Tayar da ke lilo ba ta ɗauke da nauyi, don haka ta tsira daga wannan.

Dalili na biyu shi ne danshi da gara. Tayar da ta sace takan nutse cikin laka, ƙarfen wili ya yi tsatsa, gangar jikin amalanke kuma ta matso ƙasa. Abincin gara shi ne selulos, sinadarin da ya fi yawa a katako. Jikinta ba ya jure bushewa, shi ya sa take gina hanyar laka daga ƙasa zuwa itace. Idan akwai sarari a ƙarƙashin amalanke, iska za ta busar da katakon, mai shi kuma zai hango hanyar gara tun tana sabuwa ya rushe ta.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Sukan ce amalanken da aka ɗaga yana iya zamewa ya danne yaro ko akuya, tun da yara na son wasa a ƙarƙashinsa. Gaskiya ne, kuma rai ya fi taya. Sai dai wannan hujja ce a kan mugun waigi, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bulo mai rami yakan fashe ba zato, guntun icce kuwa gada ce aka gina wa gara.

Abin da ya dace shi ne a zaɓi wuri mai tauri da ruwa ba ya kwanciya, a cikin inuwa. A sauke kaya duka. A sa faffaɗan dutse ko ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, a ɗaga kamar yatsa biyu kawai, a tallafi sandar da ake ɗaura wa shanu, sannan a shafa giris. Idan ajiyar ba ta wuce mako biyu ko uku ba, ya isa a riƙa ba taya iska ana ɗan gungura ta.

Ɗalibai na iya gwada wannan a makaranta: katako biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan dutse, a duba su bayan wata guda. Manomin da ya kula da amalankensa a watan Agusta ba zai tsaya layin mai faci ba ranar da shinkafa ke jiran ɗauka.