FILIN 'YAN MATA: Alƙalamin Betty Da Na Cynthia

Yau dai ba zancen samari, da ku 'yan ajin kasuwanci nake, masu burin zama akanta.

A jihar Misisifi ta Amurka an yi wani katafaren kamfanin waya mai suna WorldCom. Cikin ma'aikatansa akwai wata akanta, Betty Vinson, mace mai kamun kai, ga miji ga 'yarta, kuma ta fi maigidan nata albashi. A shekarar 2000 ciniki ya ja baya, sai manya suka ce a gyara lissafi don riba ta fito yadda masu hannun jari suke so. Betty ta san abin ba daidai ba ne, har takardar ajiye aiki ta rubuta. Aka lallashe ta, wai sau ɗaya ne ba za a ƙara ba. Ta yi. Hmm! Ke ma kin san irin wannan sau ɗayan.

Daga 2001 sai suka sake salo. Kuɗin hayar layukan waya da suke biyan wasu kamfanoni, kuɗi ne da ya tafi ya tafi kenan, amma sai a rubuta shi kamar an sayi kayan aiki masu daɗewa. Kamar mai tuwo-tuwo ce ta sayi itace ya ƙone ƙurmus, sannan ta rubuta wai tukunya ta saya tana nan a ajiye. Ai dole riba ta yi kyau a takarda. Masu sayen hannun jari kuwa, har da masu ajiyar kuɗin fansho, takardar nan kaɗai suke gani. Ana haka aka ƙara wa Betty girma da albashi, bakin ya daɗa rufuwa.

Ni fa ina tausayinta wallahi, ba a ce ta ɗauki ko sisi ta kai gida ba, tsoron rasa abinci ne. Sai dai akanta ba 'yar aiken oga ba ce. Idan aka ce ki shigar da adadi, ki nemi rasit ko wata takardar shaida, in babu ki ce a ba ki umarnin a rubuce da sa hannu, in an ƙi ki kai maganar gaba. Wanda ya faɗa miki da baki yana iya musantawa gobe, naki hannun kuwa yana nan a littafi.

Wata macen ce ta tona asirin, Cynthia Cooper, shugabar masu binciken kuɗi na cikin kamfanin. Ita da yaranta cikin dare suke bin lissafin a ɓoye. Shugaban sashen kuɗi Scott Sullivan ya nemi ta jinkirta binciken, ta ƙi. Da ta je ta tambayi Betty ina shaidar waɗannan kuɗaɗe, sai Betty ta amsa cewa ba ta da ita. A watan Yunin 2002 aka bayyana ƙaryar dala biliyan 3.8, daga baya ta kai wajen biliyan 11. Wata guda bayan nan kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki.

Cynthia ta fito a bangon mujallar Time cikin gwarazan shekarar 2002. A 2005 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin Bernard Ebbers shekara 25, Sullivan shekara 5. Betty duk da ta amsa laifinta ta taimaki masu bincike, sai da ta sha wata 5 a gidan yari, da wata 5 na ɗaurin talala a gida.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida su Inna.